Janar de Gaulle da Yaƙin Aljeriya



An nemi in yi magana kan yadda shugaba ke janye ƙasarsa daga yaƙin da take yi a waje. Ba zan kai ku nesa ba. Aljeriya maƙwabciyar Nijar ce, kuma a can ne Faransa ta shafe kusan shekara takwas tana yaƙi, tun daga 1 ga Nuwamba 1954 da mayaƙan FLN, ƙungiyar neman 'yancin Aljeriya, suka ɗauki makami.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: waɗanda suka fi ba Janar Charles de Gaulle wahala ba 'yan FLN ba ne, mutanensa ne. Su ne ma suka kawo shi. A watan Mayun 1958 hafsoshin soja da Turawan da suka yi kaka-gida a Aljeriya, wajen mutum miliyan guda, suka tayar da ƙayar baya har gwamnatin Faris ta durƙushe, aka kira shi ya karɓi mulki. Sun ɗauka sun samu wanda zai riƙe musu ƙasar har abada. Da ya je Aljiyas a watan Yuni ya ce musu ya fahimce su, suka yi ta tafi, ba wanda ya tsaya ya tambaye shi me ya fahimta.

A fagen daga Faransa ba ta sha kashi ba. Tana da soja kimanin 400,000 a ƙasar, kuma farmakin da Janar Challe ya jagoranta a 1959 ya karya lagon mayaƙan da ke cikin duwatsu. To amma de Gaulle ya yi lissafin da hafsoshinsa suka ƙi yi. Mutum miliyan tara da ba sa son ka, ba za ka iya tsare su da bindiga har illa masha Allahu ba. Ranar 16 ga Satumba 1959 ya furta cewa 'yan Aljeriya ne za su zaɓi makomarsu.

Daga nan aka sa zare. A Afrilun 1961 janar huɗu, Challe da Salan da Jouhaud da Zeller, suka yi masa bore a Aljiyas. Ya sa kakinsa na soja, ya yi jawabi ya hana kowane soja bin umarninsu. Ƙananan sojoji 'yan bautar ƙasa suka ji shi a rediyonsu na hannu cikin barikoki, suka noƙe, boren ya watse cikin 'yan kwanaki. A ganina nan ne gwanintarsa take: tun a Janairun shekarar ya riga ya kai maganar makomar Aljeriya gaban talakawa ta ƙuri'ar raba gardama, kashi 75 cikin ɗari suka mara masa baya. Janar-janar ɗin suna da bindiga, shi yana da iyayen yaran da ke riƙe da ita.

Kada dai mu wanke shi tas. Ya ja tattaunawar sulhu da FLN da tsawo saboda kwaɗayin Sahara, inda ga man Hassi Messaoud, ga filin gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane. Sai a Satumbar 1961 ya haƙura da ita, ana kuma ta mutuwa a tsakani. Aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Evian ranar 18 ga Maris 1962, Aljeriya ta samu 'yanci a Yuli. A watan Agusta masu ɗaci da sulhun suka yi wa motarsa ruwan harsasai a Petit-Clamart, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Waɗanda ba su tsira ba su ne harki, wato 'yan Aljeriya Musulmi da suka yi wa Faransa aikin soja. Aka karɓe makamansu, aka hana yawancinsu tsallakawa Faransa, aka kashe dubbai bisa dubbai cikinsu bayan tafiyar Turawa. Waɗanda suka samu ƙetarawa aka jibge su a sansanoni shekara da shekaru. Sai a Satumbar 2021 wani shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya tsaya a gabansu ya nemi gafara.