Fuskar wa ta cancanci bango?

Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata



Maganar yau ta bango ce, da fuskar da ake liƙawa a jikinsa. Duk wanda ya taɓa shiga biron perefe ko na duwan neman sa hannu ya san hoton da ke rataye bisa kan mai biro. In shugaba ya sauka a sauke hoton, a rataya na magajinsa a ƙusar nan dai. Lokacin zaɓe kuwa fuskokin ƴan takara su mamaye zannuwan mata da ƙofofin shaguna. Talaka shi ke kallo kullum, ba a kallonsa.

A ƙasar Tunisiya al'amarin ya wuce misali. Shekara 23 Zainul Abidina Ben Ali yana mulki, hotonsa na kan manyan hanyoyi da gine-gine da kantuna, har ranar 14 ga Janairun 2011 da ya tsere zuwa Saudiyya. Wanda ya zama sanadin faɗuwarsa ba janar ba ne, ba shugaban jam'iyya ba ne: saurayi ne mai tallar kayan marmari a garin Sidi Buzid, Muhammad Bu'azizi, wanda ya cinna wa kansa wuta ranar 17 ga Disamban 2010 bayan an ƙwace masa kayan sana'a. Da jama'a suka yayyage hotunan Ben Ali, sai bangaye suka zauna wayam.

A watan Maris na shekarar, masu ɗaukar hoto shida ƴan ƙasar suka haɗa kai da wani Bafaranshe da aka sani da suna JR. Suka ɗauki fuskokin mutane ɗari, maza da mata, tsofaffi da yara, waɗanda ba su da muƙami ko sarauta. Aka buga su manya-manya, baƙi da fari, bisa takarda, aka liƙa a wuraren da hoton shugaba yake a dā, da cikin ofishin ƴan sandan da aka ƙone a La Gulet, da jikin ƙonannun motocin ƴan sanda a Sidi Buzid.

To amma ga inda darasin yake. Ba kowa ya yi murna ba. Waɗanda aka liƙa da dare a tsakiyar birnin Tunis, gari bai gama wayewa ba aka ciccire su. Mai sauraro na iya cewa jahilci ne ko rashin godiya. Ko kaɗan. Mutanen da suka shekara ashirin da ɗoriya ana ɗora musu fuska ba tare da shawara ba, sun tashi da safe sun tarar an sake ɗora musu wasu fuskokin, nan ma ba shawara. Fuskar ta canza, ɗabi'ar tana nan. Inda masu aikin suka tsaya da rana tsaka suka yi wa mutanen unguwa bayani, har aka sa musu hannu wajen liƙawa, aikin ya fi samun karɓuwa.

Shi JR ba a Tunisiya ya soma ba. A 2008 ya shiga Providensiya, tsohuwar unguwar talakawa bisa tudu a birnin Riyo na Barazil, jim kaɗan bayan sojoji sun miƙa samari uku na unguwar ga ƴan ta'addar wata unguwa, aka kashe su. Ya ɗauki hotunan matan wurin, har da dangin mamatan, ya lulluɓe gidajen tudun da idanunsu, ta yadda birnin da ya saba kau da kai ya ga unguwar ta zuba masa ido. A 2009 ya je Kibera a Nairobi, ya shimfiɗa fuskokin mata bisa rufin ɗakuna, faɗin murabba'in mita 2,000. A can bai yi amfani da takarda ba, leda mai kauri ya sa, don haka hoton ya zama kariya daga yoyon ruwan sama. Ɗan kasuwa zai gane wannan lissafi tun kafin a ƙare faɗa masa.

A Nijar ba a rasa waɗanda suka cancanta. Akwai ɗalibai uku da aka harbe bisa gadar Kennedy a Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, waɗanda jininsu ya share hanyar Taron Ƙasa na 1991. Akwai matan da suka yi jerin gwano ranar 13 ga Mayun 1991 don an nemi a shirya taron da mace ɗaya tak cikin kwamiti. Waɗannan ko ba komai ana tunawa da ranakunsu. Amma manoman Maraɗi da Damagaram fa, da suka daina tumɓuke kututture tun shekarun 1980, suka rena gawo da sauran itatuwa cikin gonakinsu, har masu bincike suka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta kai hekta miliyan 5? Wa ya san fuskar ko guda daga cikinsu? Haka majeman Damagaram, da masu albasar Galmi, da ungozomar da rabin unguwa suka faɗo a hannunta, da mushen da ya shekara talatin a lakwal ɗin ƙauye, da ɗan ga-ruwa. Gwanaye ma ba sai an ɗauko daga waje ba: masu zana allon wanzamai da bayan kamyo suna nan kowace tasha.

Za a ta da maganar addini, kuma daidai ne a tashe ta. Malamai sun saɓa a kan hukuncin hoto, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, a ƙyale shi, a kuma nisanci bangon masallaci da maƙabarta. Mace kuwa ba a fitar da fuskarta bainar jama'a sai da yardarta da fahimtar gidansu. Abin mamaki dai shi ne, wasu masu tsananin nan ba a taɓa jin bakinsu ba ranar da ake rabon zane mai hoton ɗan takara.

Babban haɗarin yana wajen zaɓi. Muddin aka bar wa magajin gari ko wani attajiri shi kaɗai ya fitar da sunaye, to gwarazan unguwa za su zama ƴan jam'iyyarsa da surukansa, bango ya koma abin da yake jiya. Unguwa ce za ta zauna, mata da matasa na ciki, ta faɗi wanda take so da dalili. Ɗan kasuwa ya ba da bangon shagonsa da kuɗin takarda ba tare da sunansa ya fi fuskar girma ba. Ma'aikacin gundumar ya sa hannu kan izni ba tare da neman na goro ba. Takarda kuma ba ta jure damina, saboda haka lokacin liƙawa shi ne bayan kaka, daga Oktoba zuwa sama, sa'ad da ruwa ya ɗauke kuma manomi yake da sukunin tsayawa gaban mai hoto.