Noma A Cikin Bene: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Jawabin nan a kan wani irin noma ne da a ke yi a waɗansu manyan biranen duniya, wanda ba ya bukatar gona, ba ya jiran damina, rana kuma ba ta ganin shukarsa tun daga tsiro har girbi.

Ga yadda a ke yinsa. A kan sami babban ɗaki kamar sito, a toshe tagoginsa, a jera kantoci hawa bisa hawa har kusa da rufi. Ko wace kanta tana ɗauke da farantan shuka. Ba ƙasa a cikinsu ko kaɗan. Saiwa tana cikin ruwa da aka narka takin zamani a ciki gwargwadon bukata, ko kuwa tana reto a iska ana yi mata feshi. Bisa ko wace kanta akwai fitilun lantarki da a ke kira LED, su ne a madadin rana. Kwamfuta ce ke lura da zafi da sanyi da laima, ita ke kunna fitila ta kashe, ita ke buɗe famfo. Ruwan da ganye ya fitar cikin iska ma a kan tara shi a mayar wa saiwa.

Shuka a cikin ruwa ba sabon abu ba ne, gama wani masani a Kalifoniya, W. F. Gericke, ya nuna ta tun wajen 1930. Amma shawarar a ɗora gona bisa gona a tsakiyar birni ta yi ƙarfi ne daga 1999, sa'ad da Shehun Malami Dickson Despommier na Jami'ar Kolumbiya a birnin New York ya tattauna ta da ɗalibansa, ya kuma buga littafi a kanta a 2010. Arahar da fitilun LED suka yi a shekarun da suka biyo baya ita ta sa attajirai suka zuba dukiya.

Mutanen Japan sun yi nisa wajen miƙa aikin ga injina. A 2018 kamfanin Spread ya buɗe wata gona a lardin Kyoto wadda aka shirya ta don fid da kan latas 30,000 ko wace rana, injina ne ke dashe da ɗaukar faranti daga wannan kanta zuwa waccan. A Dubai kuwa, inda hamada ta kewaye gari, an buɗe gonar Bustanica a 2022 kusa da filin jirgin sama na Al Maktoum. Masu ita suka ce tana iya ba da ganye fiye da kilo miliyan 1 a shekara, da ruwan da bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da lambu zai sha ba. Ba fari, ba fara, ba ambaliya, ba a kuma cika bukatar maganin ƙwari ba.

To, amma akwai abin da ba a faye faɗa ba sa'ad da a ke nuna hotunan gonakin nan. Manomin da ke waje kyauta ya ke samun hasken rana. Wanda ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, sai ya sayi hasken nan da kuɗinsa, sa'o'i masu yawa ko wace rana. Fitilun kuma suna ta da zafi, sai ya sake biyan wani lantarkin don ya sanyaya ɗakin. Shi ya sa kusan duk abin da a ke nomawa ganye ne, watau latas da danginsa da ganyayen ƙanshi. Latas kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, yana isa yanka cikin 'yan makonni, yana da tsada a kantunan birni. Hatsi fa? Dawa da gero da alkama suna shan haske wata da watanni, su yi kara da ganye da ba a ci, sa'an nan a sayar da ƙwayar da araha. Har yanzu ba birnin da ke samun tuwonsa ko burodinsa daga bene.

Ko a kan ganyen ma lissafi ya ƙi wa da yawa. Da kuɗin lantarki ya hau a Turai a 2022, kamfanin Infarm na Jamus ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa. A Amurka, AeroFarms, wanda ya yi suna da gonarsa a cikin wata tsohuwar masana'antar ƙarfe a Newark, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi a 2023. Bowery ya rufe a 2024, Plenty kuma ya je kotu da irin wannan kuka a 2025. Kuɗin gini da na injina da na wuta ne suka fi ƙarfin cinikin latas.

Abin lura shi ne dabarar da aka yi a Singafo, tsibirin da ke sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na abincinsa daga waje. A 2012 kamfanin Sky Greens ya kafa hasumiyoyi masu tsawon kamar ƙafa 30 a cikin rumfar da haske ke ratsawa, nauyin ruwa yana juya kantoci a hankali, ko wace ta hau sama ta sha rana, ta sauko ta sha ruwa. Sun tara shuka a ɗan fili ke nan ba tare da sun rabu da rana ba.

A ƙasar Hakimai rana ba ta yi ƙaranci ba, lantarki ne ke da wuya, masu lambu a fadama kuma suna kawo latas da alayyaho kasuwa da rani. Saboda haka in wani ya zo neman fili a gunduma da sunan irin wannan noma, ya kamata Hakimi ya sa Malaminsa ya rubuta amsar mai neman kafin takarda ta wuce gaba: daga ina wutar za ta fito dare da rana, nawa ne kuɗinta a wata, wa zai gyara injin in ya tsaya, kuma wa zai sayi ganyen a bisa farashin da ya fi na mai lambu.