Riƙon Ƙwarya a Shugabancin Makaranta



Bahaushe yakan kira wanda aka ba shugabanci na ɗan lokaci "mai riƙon ƙwarya". Wato an danƙa masa ƙwarya ya riƙe, abin da ke ciki ba nasa ba ne, amma in ya zube shi za a tambaya.

Irin wannan riƙo ya yawaita a makarantun Arewacin Nijeriya bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, da kuma mayar da su 19 a 1976, domin ƙwararrun ma'aikata sun rarrabu, kowa ya koma jiharsa. A 1976 ɗin kuma aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, aka buɗe kwalejojin horon malamai da yawa cikin gaggawa. Saboda haka sai ga malami matashi, wanda bai daɗe da barin jami'a ba, an miƙa masa makullan makarantar kwana da wasiƙa mai layi uku.

Abin da irin wannan malami ke fara ganewa shi ne, zaman lafiyar makarantar kwana a ɗakin girki yake. Shi ya zo da niyyar gyara jadawalin darasi da duba littattafan malamai, sai ya tarar ɗan kwangila ya kawo wake mai ƙwari, mai kula da sito ya karɓa, takardar biya kuma tana jiran sa hannunsa. In ya sa hannu, yara ne za su ci, kuma boren ɗalibai sau da yawa daga kwanon abinci yake tashi. In ya ƙi, ɗan kwangila ya san shugaban na ainihi zai dawo, yana iya jinkirta kaya har sito ya ƙare. Wanda ya yi dabara a nan shi ne wanda ya tafi sito da kansa, ya sa aka kwance buhu a gaban shugaban ɗalibai da ma'aji, aka rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu. Daga nan maganar ta zama ta takarda, ba ta mutum ɗaya ba.

Sai batun abokai. Wanda jiya suke shan shayi tare a ɗakin malamai, yau shi ne ke makara, yana kuwa sane da cewa muƙaddashi ba ya da ikon yi masa canjin wurin aiki. Wannan na ma'aikatar ilimi ne. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara. Abin da ya rage masa shi ne ya riga kowa isa wurin taron safe, ya kuma ci gaba da koyar da ajinsa.

Kuskuren da ya fi muni, duk da haka, shi ne jingine komai "sai mai wuri ya dawo". Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ba ta san riƙon ƙwarya ba. In ranar rufe rajista ta wuce ba a aika sunayen 'yan ajin ƙarshe ba, yaran sun yi asarar shekara guda, shugaban kuwa yana can wurin kwas ɗinsa bai ma ji labari ba.