Faifai, Famfo da Majigi: Gardamar Masu Son Waƙa a Yau

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai)



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin masu son kiɗa da waƙa a Amurka da Turai, wadda kuma ta soma iso mu nan. Gardamar kuwa ita ce, ta wace hanya ya fi dacewa mutum ya ji waƙa? Jama'a sun kasu uku. Akwai masu biyan kuɗin wata ga wani kamfani, su riƙa sauraro ta intanet ba tare da sun ajiye kome ba. Akwai masu bin kasuwannin gwanjo suna neman tsofaffin faya-fayan garmaho, su juye abin da ke ciki a kwamfuta su adana. Sa'an nan akwai waɗanda hankalinsu ya koma ga wasan da ake yi daga nesa, inda mawaƙi yake wata uwa duniya, 'yan kallo kuma kowa yana ɗakinsa gaban allo. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu auna, kana mu ga abin da ya shafe mu a ciki.

Kafin nan ya kamata mu tuna yadda aka faro. A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maido ta, bayan shekara goma Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai. Faifan da ya yi tashe daga baya yana juyi 78 a minti ɗaya, ga saurin fashewa, kuma kowane gefe bai fi ɗaukar minti uku zuwa biyar ba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai ɗaukar fiye da minti 20 a gefe guda. Kaset ya zo a 1963, faifan CD a 1982. A duk tsawon wannan lokaci, wanda ya sayi waƙa ya sayi abin da zai riƙe a hannu, ya ba aboki aro, ya bar wa 'ya'yansa gado. Wannan al'ada ce sauraro ta intanet ya zo ya rushe.

To, mu fara da shi, tun da shi ne mai rinjaye. Kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin ya buɗe a 2008, bai iso Nijeriya ba sai 2021, amma Boomplay ya riga shi tun 2015. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya, IFPI, ta ce a 2024 kashi 69 cikin ɗari na kuɗin da aka samu daga waƙoƙin da aka ɗauka ta wannan hanya suka shigo. Ba mu ga laifin jama'a ba. Da ɗan kuɗi kaɗan a wata, mutum yana da damar jin waƙoƙi fiye da miliyan 100, abin da ko gidan rediyo mafi girma bai taɓa tarawa a ɗakin ajiyarsa ba. Misalinsa kamar ruwan famfo ne: ka murɗa, ya zubo, babu jan guga, babu ɗaukar tulu.

Amma duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san halin famfo. Ranar da aka ɗauke ruwa, mai randa ne kaɗai yake girki. Mai biyan kuɗin wata haya yake yi, kuma zanen aro ba ya rufe katara. A 2014 mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga Spotify, ba ta maido su ba sai 2017. Neil Young ya yi haka a 2022, ya dawo a 2024. Masoyansu suna biyan kuɗi ba fashi, amma ba wanda ya shawarce su. Mafi muni shi ne abin da kamfanin MySpace ya amsa a 2019, cewa waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya na'urorin ajiya. Da yawa daga masu su ƙananan mawaƙa ne da ba su da wani kwafi.

Akwai kuma batun rabon kuɗi. Yawancin waɗannan kamfanoni sukan tara kuɗin da suka samu wuri ɗaya, su cire nasu, saura su raba gwargwadon yawan sauraron da kowace waƙa ta samu. Watau ko da mutum bai ji kowa ba duk wata sai wani makaɗin garaya, kuɗinsa mafi yawa ga manyan taurari za su tafi. Daga 2024 ma Spotify ya daina biyan kome a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Gaskiya ne kamfanin ya ce ya biya mawaƙan Nijeriya fiye da naira biliyan 58 a 2024, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai tsarin, mai shi ake ƙara wa.

Mu koma ga masu juye faifai. Aikinsu aikin haƙuri ne. Za a wanke faifai a kau da ƙura, a ɗora shi a kan na'ura, allura ta bi siririn kwarin da ke jikinsa, girgizarta ta zama lantarki, a ƙara masa ƙarfi, sa'an nan wata na'ura ta auna sautin sau 44,100 ko fiye a kowace daƙiƙa, ta mai da shi lambobin da kwamfuta take ganewa. Babu hanzari a ciki: faifan minti 40, minti 40 zai ci. Bayan haka a rarraba waƙoƙin, a rubuta sunan kowace, a rage ƙarar ƙas-ƙas idan ana so. Masu wannan sha'awa sun yi yawa har kasuwar faifai ta farfaɗo. A 2022 an sayar da faya-fayan roba miliyan 41 a Amurka, na CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da faifan roba ya wuce gaba haka tun 1987.

Hujjar da suka fi kafawa ita ce wai sautin faifai ya fi daɗi da taushi, na intanet kuwa busasshe ne. A nan muna ganin sun ɗan wuce gona da iri. Da zarar an juye faifai a kwamfuta, ai ya zama lambobi, daidai da abin da suke kushewa. Har wa yau, a 2022 ta bayyana cewa kamfanin Mobile Fidelity na Amurka, wanda ƙwararrun masu sauraro suke sayen faya-fayansa da tsada don imanin cewa kwamfuta ba ta taɓa sautinsu ba, ya yi shekaru yana bi da sautin ta kwamfuta kafin ya buga, kunnuwan nan da ake taƙama da su kuwa ba su gane ba. Wani bincike da kamfanin Luminate ya fitar a 2023 ya nuna ma rabin masu sayen faifai a Amurka ba su da na'urar sa shi. Ado suke saye.

Inda masu juye faifai suke da gaskiya, wadda ba ta da ja, shi ne wajen adana. Dubban faya-fayai an buga su sau ɗaya, kamfanin ya mutu, asalin ɗaukar ya ɓace ko ya ƙone, kamar yadda gobara ta cinye ma'ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya a 2008. Irin waɗannan, in ba wani ya juye kwafin da ya rage ba, shi ke nan. Cibiyar Internet Archive ta juye tsofaffin faya-fayai fiye da 400,000 ta buɗe wa jama'a. Manyan kamfanonin faifai suka kai ta ƙara a 2023 a kan haƙƙin mallaka, aka sasanta a 2025. Wannan shari'a ta nuna cewa adana abu daban ne, rarraba shi kuma daban, kuma mai hankali ba ya haɗa su.

Sai kashi na uku, masu wasan nesa. Annobar korona ta 2020, da ta rufe gidajen wasa ko'ina, ita ta ɗaukaka shi. A watan Afrilu na shekarar, mutum miliyan 12.3 suka hallara lokaci ɗaya cikin wasan kwamfuta na Fortnite don kallon Travis Scott, alhali abin da suka gani zanensa ne mai girman dutse, waƙar kuma an riga an ɗauka, duka bai wuce kimanin minti goma ba. A watan Yuni ƙungiyar BTS ta Koriya ta Kudu ta yi wasa kai tsaye, mutum 756,000 suka biya suka kalla. Amfanin wannan a fili yake. Wanda ba shi da kuɗin jirgi ko biza, da naƙasasshe, da wadda ba za a bari ta fita da dare ba, duk sun sami shiga. Amma ku lura da abin da ya faru da aka buɗe ƙofofi. A 2022 ƙungiyar ABBA ta soma wasa a Landan inda surorin mawaƙan ne kawai suke fitowa, kamar yadda suke a shekarun 1970. Duk da haka sai da aka gina zaure mai ɗaukar mutum 3,000, aka kuma sa makaɗa na gaske. Ashe ko majigi za a kalla, ɗan Adam ya fi son ya kalla cikin taro.

Mu Hausawa ba ma bukatar a koya mana wannan. Wasan Alhaji Mamman Shata ko na Musa Ɗanƙwairo ba abu ne da aka gama shiryawa a gida aka zo aka juye ba. Mawaƙi yana duban fili, ya hango wane ya shigo, nan take ya saka shi a waƙa. 'Yan amshi su karɓa, sanƙira ya yi kirari, a yi liƙi, kiɗa ya ƙara zafi. Rabin waƙar 'yan kallo ne suke yin ta. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito iri uku ko huɗu, kowace da ranarta da mutanenta. Allo yana iya kawo mana murya da fuska, amma mawaƙin da ba ya ganin wanda ya shigo, wa zai kira?

A nan ne maganar ta zo gida. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Abin da suka bari yana warwatse cikin faya-fayai, da kaset-kaset, da ma'ajiyar gidajen rediyo. Faifai zafin rana yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana cin kwarinsa, zaren kaset kuma yana tsinkewa. Abin da ya hau intanet sau da yawa kwafin kwafi ne, babu shekara, babu wuri, wani lokaci ma sunan waƙar ba daidai ba. In muna shakkar abin da kwafi ɗaya zai iya yi, mu dubi Mamman Sani na Nijar. Ya ɗauki kiɗan ogan a 1978, aka yi kaset 'yan kaɗan, aka manta. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, sunan Mamman Sani ya zaga duniya. A wannan shekara dai kamfanin ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifan roba da sunan Harafin So. Abin yabo ne gare su, mu kuwa abin mu tambayi kanmu ne, da sai baƙo ya zo ya nuna mana darajar abin da ke ƙarƙashin gadonmu.

Saboda haka, 'yan'uwa, ba mu ce kowa ya jefar da wayarsa ba. A sha ruwan famfo, amma a cika randa. In an tafi hutu, kowa ya tambayi iyaye da kakanni inda tsohon akwatin faifai da kwalin kaset suke. A ajiye faifai a tsaye, a inuwa, kada a jibga wani kan wani. A juye a kwamfuta, a yi kwafi biyu a wurare daban-daban. Mafi muhimmanci, a zauna da dattijon da ya saye shi a rubuta abin da ya sani: wane ne mawaƙin, wa aka yi wa waƙar, a wane gari, a wace shekara. Sa'an nan a kai kwafi ɗakin karatu na jami'a ko sashen nazarin harsunan Nijeriya. Kada kuma wani ya mai da wannan aiki hanyar kasuwanci, domin waƙa tana da magada, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya tana kare aikin mawaƙi har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ku ma'aikata da ke cikinmu, musamman na gidajen rediyo da ma'aikatun al'adu, makullan ma'ajiya suna hannunku ko za su zo hannunku nan gaba kaɗan. Muna roƙonku ku leƙa ciki tun gara ba ta riga ku ba.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata.  Allah ya ba mu ikon riƙe amanar na baya.