KU NEMI MAKARANTA KAFIN KU KAMA HAYA: Jawabi Ga Masu Ƙaura Da Iyali Zuwa Ingila

Wannan shi ne jawabin da wani malamin makaranta da ya jima yana koyarwa a ƙasar Ingila ya gabatar ga wasu 'yan uwa magidanta, galibinsu likitoci da ma'aikatan jinya da ɗaliban digiri na uku, waɗanda ke shirin tafiya can da iyalansu. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Rahama (S), malamin ya fara da cewa abin da ke cika zuciyar mai tafiya shi ne biza da kuɗin jirgi da gidan haya, makarantar yara kuwa sai a ce bari sai an sauka. Ya ce tun ran gini ran zane, domin a Ingila gidan da mutum ya kama shi ne yake zaɓar wa 'ya'yansa makaranta. Makarantun gwamnati kyauta ne, amma idan masu nema suka fi gurbi yawa, galibi ana fifita yaron da yayansa ke makarantar, sannan wanda gidansu ya fi kusa da ita. Saboda haka wanda ya sa hannu a takardar haya ta shekara guda bai dubi makarantun unguwar ba, to ya riga ya yanke wa yaransa hukunci bai sani ba.

Ya ci gaba da bayanin cewa doka ta wajabta karatu a kan yaro daga shekara 5 zuwa 16, kuma shekarar karatu tana farawa ne a watan Satumba. Ana rufe karɓar takardun neman sakandare ranar 31 ga Oktoba, na firamare kuma ranar 15 ga Janairu. Wanda ya sauka a tsakiyar shekara sai ya nemi ƙaramar hukumar da yake zaune a cikinta ta nuna masa inda gurbi ya rage, kuma ba lallai ne yara uku su samu makaranta ɗaya ba. Ya ce uba yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara idan an hana ɗansa gurbi, kuma yana iya sa sunansa a jerin masu jira. Ya kuma shawarci iyaye su karanta rahoton hukumar Ofsted mai duba makarantu, wanda ake samu kyauta a intanet, tun suna gida.

Daga nan malamin ya ja hankalin masu manyan yara. A cewarsa, can shekarun haihuwa ake bi wajen sa yaro a aji, ba ƙoƙarinsa ba. Karatun jarrabawar GCSE shekara biyu ne, ana fara shi a aji na 10 yaro yana ɗan shekara 14, a rubuta yana ɗan 16. Yaron da ya isa yana ɗan shekara 15 zai tarar an ci rabin tafiya. “Idan ɗanka ya kusa rubuta WAEC,” in ji shi, “zauna ka yi lissafi da kyau, wataƙila barinsa ya kammala a gida ya fi masa alheri.”

Da ya juyo kan sha'anin addini, ya yi nuni da cewa makarantun Musulmi da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu suna nan, amma 'yan kaɗan ne. Sai a shekarar 1998 aka fara ba su kuɗin gwamnati, inda aka soma da makarantar Islamia da ke Landan, wadda Yusuf Islam ya kafa a 1983, da kuma Al-Furqan da ke Bamingham. Ba su wuce 'yan gommai ba a cikin makarantun gwamnati sama da 20,000, ga shi layin jiransu yana da tsawo. Masu zaman kansu kuwa na kuɗi ne, kuma daga Janairun 2025 an ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin irin waɗannan makarantu. Don haka, in ji shi, mafi yawan 'ya'yan Musulmi makarantun gama-gari suke zuwa, kuma wajibi ne uba ya san haƙƙinsa a cikinsu.

Ya ce dokar ilimi ta 1988 ta tanadi taron ibada kullum a makaranta, wanda akasarinsa ya karkata ga Kiristanci, amma uba yana da ikon cire ɗansa daga taron da kuma darasin addini. Haka nan tun Satumbar 2020 darasin zamantakewa da alaƙar iyali ya zama dole, ba a cire yaro daga cikinsa, sai dai ana iya cire shi daga ɓangaren da ya shafi saduwa, ban da abin da ke cikin darasin kimiyya. Ya yi kira ga iyaye su je makarantar da ƙafarsu, su nemi ganin manhajar, su tambayi batun abincin halal da wurin sallar Azahar da kuma hijabi a cikin kayan makaranta, domin kowace makaranta da nata tsarin.

Malamin ya jaddada cewa babu makarantar da za ta koya wa yaro karatun Alƙur'ani da alwala da gaida na gaba a madadin iyayensa. A gida unguwa ce ke taya uba tarbiyya, ga makarantar allo ga Islamiyya ga kakanni, can kuwa daga shi sai matarsa. Ya ce masallatai da dama suna da karatun yara da yamma ko a ƙarshen mako, saboda haka unguwar da ta dace ita ce wadda ta haɗa makaranta mai kyau da masallaci na kusa, ko da hayarta ta ɗan fi tsada. Ya kuma gargaɗi iyaye kada su bar Hausa ta mutu a cikin ɗaki, don Turanci zai zo wa yaro da kansa cikin 'yan watanni, amma yaron da ba ya iya hira da kakarsa a waya an yanke masa wata jijiya.

A lokacin tambayoyi wata 'yar uwa ta ce, “Malam, ina hukuncin kawo yara gida hutun Sallah?” Ya amsa da cewa doka ta yarda yaro ya yi fashi a ranar Idi idan an sanar da makaranta, amma tafiya da shi ana tsakiyar zango ba tare da izini ba tana jawo tara, wadda tun Agustan 2024 ta kai fam 80 a kan kowane mahaifi da kowane yaro, ta kuma koma fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. Ya ce a bari sai dogon hutun Yuli da Agusta.

Daga ƙarshe ya tunatar da mahalarta cewa 'ya'ya amana ce da za a tambayi kowa a kanta, kuma albashi komai kaurinsa ba ya fansar yaron da ya ɓace. Aka rufe zaman da addu'ar Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya shirya mana zuriya baki ɗaya.