KYAUTA DABAN, HAKKI DABAN

Jawabi zuwa ga rassan jam'iyya na garuruwan kasuwa

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta manyan kamfanonin ƙetare da alherin da suke cewa suna yi wa talakawa. A zamanin nan babban kamfani yakan gina rijiya, ya gyara lakwal, ya raba littattafai, a ɗauki hoto a kai wa masu jari a Turai. Mu da muke karantar da yara mun san daɗin benci da allo, ba mu raina su ba. Amma ku sani kyauta daban, hakki daban. Mai kyauta shi ke zaɓen ranar bayarwa da ranar dainawa. Hakki kuwa doka ce ta ɗora masa, ko ya so ko ya ƙi.

To, ku dubi Arlit, can arewa da Agadez. Kamfanin Somair ya fara fid da yuraniyom a 1971, Cominak ya biyo baya a Akokan a 1978, dukansu da jarin Faransa. Sun gina asibitoci biyu, mutanen gari sun sha magani, wannan gaskiya ne. Amma a 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna titunan Akokan, ta tarad da dafin da ido ba ya gani ya wuce ƙa'ida nesa. Sai da magana ta fita duniya aka kwashe gurɓataccen wurin.

Ga kuma maganar kuɗi. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ce kason ƙasa yana iya tashi daga kashi 5.5 zuwa 12 cikin ɗari. Areva, uwar kamfanonin biyu, ba ta amince a yi mata aiki da ita ba sai a yarjejeniyar Mayu 2014, bayan doguwar jayayya. A cikinta ta yi alkawarin Yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tahoua zuwa Arlit, hanyar da motocinta ke bi a lokacin. Ƴan Tahoua da ke nan, ku ne shaidar halin wannan hanya.

Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe Cominak. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, aka bar tulin dusar ma'adini mai dafi kusan tan miliyan 20. Orano, sabon sunan Areva, ta ce za ta binne shi da laka da duwatsu. Kada wani ya kira wannan alheri. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

A watan Yuni 2025 gwamnati ta mai da Somair mallakar ƙasa. Wannan bai kashe magana ba. Dafi bai san tutar kowa ba. Abin da muka nema wurin baƙo shi za mu nema wurin namu, da wurin Sinawan da suka buɗe matatar Soraz a jihar Zinder a 2011.

Saboda haka ga aikin kowane reshe. In kamfani ya zo garinku da kyauta, ku karɓa, ku yi godiya, sa'an nan ku yi tambaya uku a gaban jama'a. Na ɗaya, lanho nawa ya biya bana, nawa ya iso gundumarmu? Na biyu, wa ke auna ruwanmu da lafiyar ma'aikata, mutumin kamfani ko likitan da ba ya cin albashinsa? Na uku, ran da zai tashi, wa zai gyara wurin, ina kuɗin da aka ajiye?

Magatakarda ya rubuta amsa da kwanan wata da sunan wanda ya ba ta, ya aiko mana. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba ranar kasuwa, ya miƙa takardar ga reshe na gaba.