KO KAYAN GIDA NA YAƊA CUTA? JAWABI GA MATASAN YAURI, NGASKI DA SHANGA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa daga cikin masu aikin sa kai ya gabatar a zaman matasa a garin Yelwa.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, tambayar da aka ɗora mani ita ce: shin ƙwayar cutar da likitoci ke kira bairos tana kama mutum ta hanyar kwano, moɗa, tabarma ko aska? Amsa ita ce wata tana kamawa, wata ba ta kamawa, don kowace da ƙofar da take bi. Wanda bai san ƙofar ba, sai ya yi ta gudun abin da ba ya cutarwa, ya rungumi wanda zai halaka shi.

Mu fara da zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yau. Ɓera ne ke ɗauke da shi, irin mai nonuwa da yawa, wanda ke yawo tsakanin gona da gida. Shi ɓeran ba ya jin komai, amma ƙwayar tana cikin fitsarinsa da kashinsa. In ya bi ta kan tuwon da aka bari a buɗe, ko ya shiga buhun gari, ko ya taka kwanon da aka ajiye a ƙasa, to ya bar ta nan. To ku duba yadda muke a bakin tafkin Kainji: ga bandar kifi a jibge a ɗaki, ga shinkafa da masara ana shanya a ƙasa har bakin titi, ga rumbuna dab da ɗakin kwana. Da rani kuma mu matasa mu ne ke cinna wa daji wuta don farauta, ɓeraye su gudo cikin gari. A lokacin rani ne kuwa cutar ta fi tashi a Nijeriya.

Tana ɗaukar kwana 2 zuwa 21 kafin ta bayyana, kuma farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro. Kusan mutum 8 cikin 10 ba ta yi masu tsanani, amma wanda ta tsananta masa tana iya kai shi ga zubar jini da mutuwa, wasu kuma su warke da kurumta. Daga majinyaci tana wucewa ga mai jinya ta jini, amai, fitsari da zanen gadon da suka ɓata.

Na biyu, ciwon hanta nau'in B. Wannan ta jini yake bi, kuma ƙwayarsa tana iya kwana 7 a kan ƙarfe da ranta, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa. Askar wanzami, kilifa, rezar yankan farce da ake ba wa juna a zaure, buroshin haƙori, duk hanyoyinsa ne. Mutum zai yi shekaru yana ɗauke da shi bai sani ba, sai hanta ta lalace. Alhamdu lillahi akwai allurar rigakafinsa, ana yi wa jariri tun ranar haihuwa, babba ma ana yi masa.

Amma ƙanjamau, ku ji da kyau, ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya, ko shan ruwa moɗa ɗaya, ko musafaha, ko tsayuwa sahu ɗaya. Wanda ya ware ɗan'uwansa saboda haka ya zalunce shi ne kawai. Haka korona da ta shigo Nijeriya a Fabrairun 2020: mutane sun yi ta tsoron takardar kuɗi da hannun ƙofa, daga baya bincike ya nuna ta numfashi ta fi bi, musamman a ɗaki mai cunkoso wanda iska ba ta ratsawa.

'Yan'uwa, addininmu bai bar mu cikin duhu ba. Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a rufe kwanuka, a ɗaure bakin salkar ruwa, a kashe fitila lokacin kwanciya, har ya ambaci ɓarnar ɓera. Ya kuma sanya ɓera cikin abubuwan da aka halatta kashewa ko a cikin Harami. Sayyidina Umar (RA) kuwa da ya ji annoba ta sauka a Sham, komawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Saboda haka mai cewa "sai abin da Allah Ya yi" alhali ya bar tukunya a buɗe, ba tawakkali yake yi ba, sakaci ne.

Ga abin da muke nema daga kowa. A rufe abinci da randa kowane dare. Hatsi da busasshen kifi su shiga mazubi mai murfi, shanya kuma a ɗaga ta daga ƙasa. A toshe ramuka, a kai shara nesa da gida, kada a ɗauki mushen ɓera da hannu. A wanke kwano da sabulu kafin a zuba abinci. Kowa ya mallaki rezarsa, mai kilifa kuma ya tafi da tasa wurin aski. Mai jinya ya sa safar hannu, ya jiƙa zanen da ya ɓaci cikin ruwan bilic kafin wanki. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, a bar zagayen kemis a tafi asibiti, don maganin Lassa ya fi aiki in an fara da wuri. In kuma likitoci suka ce ita ce ta yi ajalin mutum, kada mu yi gaggawar wankan gawa, mu bi yadda ma'aikatan lafiya suka tsara, sallar jana'iza kuwa za mu yi masa.

Wannan saƙo amana ne a wuyanku. Ku kai shi ga iyayenmu mata, da masu bandar kifi a Wara, da mutanen tungaye da tsibirai, da makarantun allo inda almajirai ke aski da reza ɗaya. Allah Ya tsare mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu.